Rahoton wata, bin sawun majinyaci ko jin ta bakin masu jinya: da wanne za a auna haɗin kan asibitocin Kano?

Mara lafiya ɗaya a Kano yana iya ratsa hannun hukumomi uku kafin ya samu sauƙi. Ƙaramin asibitin unguwa, wanda muke kira sha-ka-tafi, yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta jiha. Manyan asibitocin jiha irin su Murtala da Hasiya Bayero da Asibitin Zana suna hannun Hukumar Kula da Asibitoci. Asibitin Malam Aminu Kano, da aka kafa a 1988, da Asibitin Ƙashi na Dala kuwa na gwamnatin tarayya ne. Ban da waɗannan ga asibitocin kuɗi, ga ɗakunan gwaji da na hoto, ga kuma mai kemis na bakin layi, wanda in za a faɗi gaskiya shi ne zangon farko na yawancinmu. Kowanne da katinsa, da lambarsa, da rajistarsa, da wanda yake kai wa rahoto.

An daɗe ana neman maganin wannan rarrabuwa. A 2011 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince a mayar da duk harkar lafiya matakin farko ƙarƙashin hukuma guda a kowace jiha. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun da ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da burin kowace mazaɓa ta samu asibiti guda mai aiki sosai, mu kuwa mazaɓu 484 ne da mu a ƙananan hukumomi 44. A 2016 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince a gina aikin lafiya a kan buƙatar mutum ɗungurungum, maimakon cuta ɗaɗɗaya ko gini ɗaɗɗaya. Abin da ya rage shi ne a san ko asibitocin suna aiki tare ɗin da gaske. Wanda zai auna hakan, ko ɗan kwamitin lafiya na mazaɓa ne, ko shugaban ƙaramin asibiti, ko jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, ko ƙungiyar unguwa mai son sa ido, ba shi da kuɗi ko lokacin gwada kowace hanya. Dole ya zaɓa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a riƙo takardar tambayoyi a zagaya ana sa alama. Akwai fom ɗin tura majinyaci? Akwai lambar wayar babban asibiti a manne a bango? Akwai motar ɗaukar marasa lafiya? Ana zaman wata-wata da manyan asibitoci? Yini guda ya isa a gama asibiti biyu ko uku. Tun 1966 wani masani a Jami'ar Michigan ta Amurka, Avedis Donabedian, ya kasa awon ingancin aikin lafiya gida uku: kayan aiki, da yadda ake yin aikin, da sakamakon da aka samu. Takardar alama gida na farko kawai take taɓawa. Za ta ce akwai mota, ba za ta ce rabonta da mai tun azumi ba. Tana da amfani sau ɗaya, a farkon aiki, don a san abin da babu. Wanda ya mayar da ita ma'aunin kowane wata, maki mai kyau zai riƙa samu alhali komai yana nan yadda yake.

Rahoton wata ya fi wannan nauyi, kuma shi ne mafi yawan jami'ai ke dogara da shi. Kowane ƙaramin asibiti yana da manyan rajistoci: ta masu ganin likita su tafi, ta awon ciki, ta haihuwa, ta rigakafi. Ƙarshen wata a tattara alƙaluman a fom guda, a kai wa jami'in ƙididdiga na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta Norway ke kula da ita. Alherinsa a fili yake. An riga an tara shi, ba sai an kashe sabon kuɗi ba, kuma ana iya jera Dala da Tarauni da Ungogo a duba su tare, ko a kwatanta bana da bara.

A cikinsa akwai 'yan alƙaluman da ke nuna ko aiki yana ɗorewa. Allurar Penta, rigakafin cututtuka biyar a haɗe, sau uku ake yi wa jariri: a sati 6, da sati 10, da sati 14. In aka cire adadin waɗanda suka karɓi ta uku daga na waɗanda suka karɓi ta farko, sai a ga nawa suka zube a hanya, kuma a ƙa'ida in zubewar ta haura kashi 10 cikin 100 akwai matsala. Haka adadin masu tarin fuka da aka yi wa gwajin cuta mai karya garkuwar jiki yana nuna ko ɓangarorin biyu suna magana da juna. Haka kuma tazarar da ke tsakanin matan da suka zo awo da waɗanda suka haihu a asibiti.

Sai dai rahoton wata zuwa yake ƙirgawa, bai san mutum ba. Ɗauki yarinya mai haihuwar fari da ta tafi wankan gida wurin iyayenta a Gwale, mijinta kuma yana Kumbotso. Sati 6 kwana 42 ne, wato daidai lokacin da ake shirin mayar da ita ɗakinta bayan arba'in. In aka yi wa jaririn Penta ta farko a Gwale, sauran biyun a Kumbotso, rahoto zai nuna Gwale ta yar da yaro, Kumbotso kuma ta yi abin a yaba, alhali yaron bai rasa allura ko ɗaya ba. Wannan kuskure ne marar cutarwa. Mai cutarwar yana wurin masu turawa. Ƙaramin asibiti zai rubuta ya tura mutum kaza, babban asibiti zai rubuta ya ga mutum kaza, amma babu layin da ya ce waɗanda aka tura ɗin su ne aka gani. Riga ba a tsakiyar yadi ta fi yagewa ba, a ɗinki take yagewa, rahoton wata kuwa yadin yake aunawa. Ƙari a kan haka, ba duk asibitocin kuɗi ke aika rahoto a kai a kai ba, masu kemis kuwa galibi ba sa ciki. Sannan duk alƙalamin da aka san da shi ake yabo ko faɗa, hannu yana son ya gyara shi kafin ya bar tebur.

Hanyar da ta fi shiga raina ita ce bin sawun majinyaci, don ita kaɗai ke tsayawa a daidai wurin da hannu ke miƙa wa hannu. Yadda ake yi ba wuya. A buɗe rajistar waɗanda aka tura a watan da ya wuce, a ware iri biyu ko uku masu haɗari, misali mai ciki da jininta ya hau, da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani, da mai tarin da ake zargin na fuka ne. Kowannensu a nemi amsar abu huɗu. Ya isa inda aka tura shi? Awa nawa ya ɗauka daga fitowa zuwa ganin likita? Can ɗin sun yi aiki da abin da aka rubuto, ko daga farko suka sake? Sannan bayani ya dawo wa asibitin da ya tura?

Sai an ga takardar turawa da ido ake gane dalilin tambayoyin nan. Gida biyu ne da ita. Na sama wanda ya tura ne ke cikawa: suna, abin da aka gani, maganin da aka bayar da lokacin da aka bayar. Na ƙasa na likitan da ya karɓa ne, ya rubuta abin da ya samu da abin da ya rage a yi, a yage a mayar wa ƙaramin asibiti. A ce mace mai ciki wata takwas ta zo awo da ciwon kai da kumburin ƙafa, aka auna jini aka ga 170 bisa 110. Ungozoma ta san jijjiga na iya biyo baya, ta yi mata allurar magnesium sulfate, ta rubuta ƙarfe goma da rabi, ta ce maza a wuce babban asibiti. Aka tari adaidaita sahu. Da isa, maigida ya shiga layin yankar kati da takardar a ninke cikin aljihun rigarsa, matar kuma aka shige da ita ciki. Likitan da ya karɓe ta bai san an riga an yi allurar ba, bai san ƙarfe nawa ba, ga shi kuwa allura ta gaba da lissafin awa ake yin ta. An haihu lafiya, an sallame ta da umarnin a ci gaba da auna jininta. Ɓarin takardar na ƙasa bai koma ba, don haka ungozomar unguwa ba ta san ma an sallamo ta ba, balle ta neme ta. A rahoton wata, asibiti biyun nan duk sun yi aikinsu: ɗaya ya tura, ɗaya ya karɓi haihuwa. A bin sawu kuwa, tambaya biyu cikin huɗu sun faɗi.

Lissafinsa ma ko a bayan kati ana iya yi. Misali kawai: an tura mutum 30, aka tarar 18 sun isa, 5 sun karkata asibitin kuɗi, 7 sun koma gida ko babu labarinsu, sannan takardar amsa 3 ce ta dawo. Daga nan shugaban asibiti ya san inda zai sa ƙafa. In mutum bakwai ɗin nan kuɗin mota ne ya tsayar da su, maganar asusun unguwa ce ko yarjejeniya da direbobi. In jiran iznin maigida ne, maganar mai unguwa da liman ce. In sun isa amma sun kwana a benci, maganar babban asibiti ce. Masu nazarin mutuwar mata wajen haihuwa tun 1994 suke magana a kan jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar fita, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Bin sawu ne ke nuna wanne daga ciki ya fi cin mutanen mazaɓarka, domin na Fagge, inda manyan asibitoci ke kusa, da wuya ya zama irin na ƙauyukan gefen Ungogo.

Ba kyauta ba ce. Tana cin katin waya, tana cin kwana biyu ko uku na ma'aikaci guda, ga shi ma'aikatan ba su wadata ba. Duba rajistar babban asibiti sai da izni, tunda wata hukumar ce daban. Lambar wayar da ke rajista sau da yawa ta maigida ce ko ta maƙwabci, suna iri ɗaya kuma ya yi yawa a garin nan har sai an haɗa da unguwa da shekaru kafin a tabbatar mutum guda ake nufi. Akwai kuma maganar sirri. Dokar lafiya ta 2014 ta hana bayyana bayanin majinyaci ba da yardarsa ba, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Saboda haka ma'aikacin asibiti ne zai yi kira ya duba suna, 'yan kwamiti jimla kawai za a kawo musu. Wani rauninta shi ne ƙarancin adadi. Mutum 30 ba su isa a yanke wa asibiti hukunci a wata guda ba, sai an tara na wata uku ko shida kafin a ce ga inda aka dosa.

Sai jin ta bakin masu jinya. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, kuma wanda ke biya shi ke yawo da takardunsa. Cikakken tarihin ciwon dattijo mai hawan jini da suga ba ya cikin fayil ɗin kowane asibiti. Yana cikin baƙar ledar da ke rataye a ɗakinsa: kati uku na wurare uku, sakamakon gwaji iri ɗaya har biyu a mako guda, kwalin magani daga kemis, da wani kwalin mai suna daban wanda in an duba ƙananan rubutun maganin ɗaya ne, yana shan su tare. Babu rahoton wata ko rajistar turawa da za ta nuna wannan. Ga masu ciwon da ba ya warkewa, irin su hawan jini da suga da sikila, inda ba turawa guda ake yi ba, zirga-zirgar shekaru ce, wannan hanyar ta fi bin sawu gani.

Matsalarta mu ne. Bakano yana da kara. Ka tsaya a ƙofar asibiti ka ce, "Baba, yaya ka ga aikinsu?" amsar da za ka samu ita ce, "Alhamdu lillahi, ɗan nan, sun yi ƙoƙari, Allah Ya saka musu." Ko da ya wuni a layi haka zai ce, musamman in yana zaton maganar za ta koma kunnen nas ɗin da zai sake gani jibi. Saboda haka tambayar gamsuwa ɓata lokaci ce. Abin da ya faru ake tambaya. "Baba, sau nawa aka ɗebi jininka a wannan watan?" "Hajiya, da aka sallame ki, wa ya gaya miki inda za ki koma, kuma yaushe?" "Likitan ya tambayi magungunan da kike sha daga wani wurin?" A gida ake yin hirar, ba a harabar asibiti ba, mace ta shiga wurin mata, kuma a roƙi a ga ledar. Tana cin lokaci fiye da duk sauran, tana buƙatar mai tambaya da ya iya bakinsa, sannan waɗanda suka rayu kawai ake ji. Wanda tsarin ya fi zalunta sau da yawa ba ya nan balle ya ba da labari.

Wasu za su ce a bar duk wannan a duba sakamako kawai: nawa suka rasu, nawa suka sake kwanciya. A Amurka da Ingila ana auna adadin waɗanda suka koma gadon asibiti cikin kwana 30 da sallama, don a can lambar majinyaci ko ta inshorarsa tana bin sa. A Kano wanda aka sallama daga wannan asibiti in jiki ya sake rikicewa wani asibitin zai nufa ya yanki sabon kati, na farkon kuma ya ƙirga shi cikin waɗanda suka warke. Adadin mace-mace shi ma yana da ruɗi. Asibitin koyarwa shi ake kai wa waɗanda ciwonsu ya gagara, dole alƙalumansa su fi muni. Annoba irin mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 kan birkita lissafin shekara ɗungurungum ba tare da haɗin kan asibitoci ya ƙaru ko ya ragu ba. Abu guda mai daraja a wannan ɓangare shi ne zaman bitar mutuwar masu haihuwa da jarirai, inda ake bin labarin kowace rasuwa daki-daki ba don a kama mai laifi ba. Shi ma bin sawu ne, sai dai bayan mai afkuwa ta afku.

Bayanan inshora sun cancanci a ambace su a taƙaice. Wanda ke cikin tsarin Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta jiha, ko na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da aka sake wa doka a 2022, yana da lamba guda, kuma turawa zuwa babban asibiti sai da lambar amincewa. Ke nan ana iya bin sa a kwamfuta ba tare da buga waya ba. Amma waɗanda ke ciki 'yan kaɗan ne, akasari ma'aikatan gwamnati da iyalansu da wasu masu rauni da aka yi wa rajista. Hoton da za su bayar ya fi na ɗan dako a Kantin Kwari kyau nesa ba kusa ba.

To wanne za a ɗauka? Ya danganta da kujerar da mutum yake kai. Shugaban ƙaramin asibiti da kwamitin mazaɓarsa, a ganina, su ɗauki bin sawu, su taƙaita shi ga masu ciki da ƙananan yara, su yi shi duk wata uku. In da sauran ƙarfi, su ƙara da ziyarar gida goma na masu hawan jini ko suga sau ɗaya a shekara. Jami'in ƙaramar hukuma mai asibitoci da dama a hannunsa ba zai iya bin kowa ba, don haka ya fara da rahoton wata ya gano inda alƙaluma suka yi baƙon abu, kamar asibitin da ke karɓar haihuwa da yawa amma wata shida bai tura kowa ba, sannan ya aika a bi sawu a can. Ƙungiyar unguwa da ba ta da iznin taɓa rajista, hirar gida ce tata, kuma ita ce ma ta fi dacewa da ita tunda mutane sun fi sakin jiki da wanda ba ma'aikaci ba. Masu ba da tallafi da ke son takardar alama, su yi ta a ranar farko su ajiye.

A matakin jiha kuwa alƙalami guda nake ganin ya fi sauran amfani: cikin waɗanda aka tura, kashi nawa takardar amsarsu ta dawo. Ba ya yiwuwa ya tashi sai ɓangarori biyu sun yi aiki, ƙaramin asibiti ya cika takarda da kyau, babba ya karanta ya amsa, don haka gefe guda ba ya iya ƙawata shi shi kaɗai. Sharaɗinsa a ɗora shi a wuyan hukumar ƙananan asibitoci da ta manyan asibitoci tare, a kuma karanta shi a zaman da ungozomar unguwa da likitan babban asibiti suke ɗaki ɗaya. In aka ɗora wa ƙaramin asibiti shi kaɗai, abin da zai biyo baya shi ne a rage turawa don kada lissafi ya ɓaci, wannan kuwa ya fi rashin awon haɗari.

Duk wanda ya zaɓi bin sawu, akwai gyara biyu da zai yi wata guda kafin ya fara. Ya sa lamba a jere a kan kowace takardar turawa, lambar ta fito a ɓarin sama da na ƙasa da kuma cikin rajista, yadda ko suna ya zo ɗaya ba za a rikice ba. Sannan ya ƙara gurbi a rajistar don lambar waya biyu, ta majinyaci da ta wanda ya rako shi, tare da alamar cewa an nemi yardarsu a kira su bayan kwana uku.